Rajista, Haƙƙin Sani da Yardar Talaka ga Hukuma: Nazari daga Sassumbrum da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda adana takardun hukuma, da damar ganin abin da ke cikinsu, suke shafar yardar da talaka yake yi wa gwamnati a ƙaramar hukumar Sassumbrum da maƙwabtanta na gundumomin Magarya da Dungas, a jihar Damagaram. Ta bi sawun takardar haihuwa da takardar gona da lissafin kuɗin lanho, wato haraji. Hujjar da take kafawa ita ce, haƙƙin samun bayani da dokar 2011 ta bai wa ɗan Nijar ba zai isa ga manomin karkara ba muddin rajistar da zai tambaya ta salwanta, ko tana nesa da shi, ko an rubuta ta da harshen da ba ya karantawa.

Gabatarwa



Sassumbrum ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 7 na gundumar Magarya, tare da Magarya kanta, da Bande, Danciyawo, Kwaya, Waca da Yekuwa. Dungas, wadda a da take ƙarƙashin Magarya, ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 500,000 a Magarya, fiye da 300,000 a Dungas, abin da ya sa yankin cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Nijar. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, tana manne da iyakar Najeriya. Daura da Babura da Maigatari sun fi Yamai kusa da ita nesa ba kusa ba, ta fuskar tafiya da ciniki da auratayya.

A irin wannan wuri, mafi yawan mutane ba za su taɓa ganin minista ba har su koma ga Allah. Gwamnatin da suka sani ita ce wadda suke tararwa a bayan tebur: ma'aikacin da ke rubuta haihuwa, sakataren hukumar filaye, mai karɓar haraji, jami'in da ke tambayar katin shaida a shingen hanya. Kowace haɗuwa daga cikin waɗannan kuwa a kan takarda take yiwuwa ko ta lalace. Saboda haka na zaɓi in nemi amanar da ke tsakanin talaka da hukuma a cikin kabad ɗin ma'aikatar magajin gari.

Gadon rashin yarda

Tsoron rubutun hukuma yana da asali. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, garin ya zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. A zamanin nan, shigar sunan mutum littafin Nasara na nufin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da kuma ɗaukar yaro zuwa lakwal ko soja. Magidanci mai hankali sai ya rage yawan iyalinsa idan masu ƙidaya sun zo. Littafin na mai mulki ne, amfaninsa ma na mai mulki ne, ba a taɓa buɗe wa talaka shi don ya kare kansa ba.

Takardun wancan zamani ma ba su zauna a yankin ba. Iyakar da ta raba mutanen Magarya da danginsu na Daura, Zango da Baure ta fito ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho ya bi ta ya kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Ɗalibin da yake son rubuta tarihin sarautar garinsu a yau sai ya nemi wani ɓangare a taskar adana takardu ta ƙasa a Yamai, wani a Dakar, wani a Aix-en-Provence ta Faransa, na tsallaken iyaka kuma a Kaduna. Al'ummar da aka rubuta labarinta ita ce ta fi kowa nisa da shi.

Abin da doka ta ce

Ta fuskar rubuta doka, Nijar ba ta makara ba. Sashe na 31 na tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya amince cewa kowa yana da haƙƙin a sanar da shi, da haƙƙin samun bayanan da ke hannun ma'aikatun gwamnati. A ranar 23 ga Fabrairu 2011, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Janar Salu Jibo ta fitar da doka mai lamba 2011-22 kan samun bayanan hukuma da takardun mulki, wata uku kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan irin tata a Najeriya ranar 28 ga Mayu. Dokar ta ɗora wa Mai Shiga Tsakani na Jamhuriya sauraron koken wanda aka hana wa bayani.

Sai dai doka irin wannan tana zato uku da ba su cika tabbata a Sassumbrum ba: cewa takardar tana nan, cewa mai nema ya san da ita, kuma zai iya rubuta buƙatarsa da Faransanci ya bi ta har inda za a saurare shi. Daga Magarya zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 90 ce, daga can zuwa Yamai wajen 900. Ko a birnin ma, manyan bayanai ba ta ƙofar doka suka fi fitowa ba. Rahoton binciken kuɗin ma'aikatar tsaro na 2020, wanda ya yi maganar sefa biliyan 76, ta hanyar kwarmato jama'a suka san abin da ke cikinsa. Idan ɗan jarida a Yamai yana jiran kwarmato, me za a ce da tsohuwar da ke neman takardar gonar marigayi mijinta?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine tsarin mulkin 2010, a watan Afrilu 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ba siyasar wannan mataki ce ta kawo ni ba. Abin da ya shafi maƙalar nan shi ne, duk ranar da ragama ta sauya hannu rana ce ta haɗari ga takardu, ko ta hanyar zaɓe ta sauya ko ta hanyar naɗi. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, kowane sauyi yana zuwa da tambaya guda: an ƙirga rajistocin da aka miƙa, ko makullin ofis kawai aka miƙa?

Takardar haihuwa

An samu ci gaba na gaske a nan, kuma ya kamata a faɗa. Binciken ƙasa kan jama'a da lafiya ya nuna cewa a 2006 kashi 32 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne aka yi wa rajistar haihuwa, a 2012 adadin ya kai kashi 64. Dokar 2007 ta kai cibiyoyin bayyana haihuwa ƙauyuka da gidajen likita, dokar 1 ga Yuli 2019 da ta maye gurbinta ta ba iyaye kwana 60. Wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta kotu, shi ya sa alƙalai suke fita zaman ƙauye-ƙauye don yanke wa ɗaruruwan yara hukuncin da zai tsaya a madadin takardar.

Amma bayyana haihuwa daban, riƙe takarda a hannu daban. Tsakanin littafin da ke gidan mai gari da rajistar ma'aikatar magajin gari akwai tafiya, akwai jiran sa hannu, akwai ƙarewar littafin rajista, akwai rashin wanda zai mayar da takardar ga masu ita. Uba yakan ɗauka ya gama nasa tun ranar da ya faɗi sunan yaro. Ba zai gane akwai gyara ba sai shekarar da malamin makaranta ya nemi takarda don jarrabawa. Idan ya je aka bincika ba a ga komai ba, darasin da zai koma gida da shi shi ne cewa bin ƙa'ida bai amfane shi ba, kuma zai koya wa maƙwabcinsa wannan darasi.

A bakin iyaka abin ya fi ciwo. Saurayin da zai tafi cin rani Kano ko ya kora dabba zuwa kasuwar Maigatari yana buƙatar katin ɗan ƙasa, katin kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Marar kati a shingen hanya abin tatsa ne. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai, musamman Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa, sun daɗe da nuna cewa ƙananan cin hanci na yau da kullum a irin waɗannan giɓɓa suke tsira, inda ƙa'idar da ke rubuce ta rabu da yadda ake aiki a zahiri.

Abin lura a nan shi ne, al'ummar ba ta taɓa sakaci da haihuwa ba. Ranar bakwai ana taruwa, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, a raba goro, gari duka ya shaida. A ganina kuskure ne hukuma ta riƙa kiran mutane zuwa wani biki nata na dabam. Mai riƙe da littafin bayyana haihuwa ya kamata ya zama cikin waɗanda ake gayyata wurin suna, ya rubuta a gaban shaidu, ya kuma faɗa wa uba ranar da takarda za ta dawo.

Takardar gona

Nan ne zuciyar al'amarin, domin a Magarya da Dungas gona ita ce rai. Jama'a na ƙaruwa, saura ta ƙare, kowane rabon gado yana ƙara tsinka gonar kaka. Mu'amalar ƙasa kuwa iri-iri ce: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina. Shekara da shekaru duk da baki ake ƙulla su, a gaban mai gari da dattawa, a shata iyaka da gamba ko wata bishiya. Tsarin yana aiki matuƙar shaidu suna raye. Ranar da suka kwanta dama, ƴaƴan mai gona su ce aro ne, ƴaƴan mai noma su ce saye ne, kowa kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, sau da yawa ba don ƙarya ba, sai don abin da ubansa ya gaya masa ke nan.

Gwamnati ma ta taɓa ƙara ruɗani da bakinta. A 1974 Shugaba Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta mai nomanta ce. Magana ce ta jawabi, amma ta shiga kunnen masu aro da masu jingina, ta kuma tsorata masu gonaki har wasu suka daina ba da aro. Sai a ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da doka mai lamba 93-015, tushen kundin dokokin karkara. Wannan doka ta yi abin da ya cancanci yabo: ta daidaita haƙƙin gargajiya da haƙƙin da ke rubuce, ta kuma kafa hukumomin filaye, waɗanda mutane suke kira Kofo. An fara gwada su a Mirya da Maine-Sorowa a 1994, daga baya suka sauko matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Kofo ta ƙauye, ƙarƙashin mai gari, tana ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina.

Christian Lund, wanda ya yi bincikensa a jihar Damagaram, ya nuna a littafinsa na 1998 cewa jin labarin za a rubuta gonaki kaɗai ya isa ya tayar da tsofaffin rigingimu, domin kowa ya yi gaggawar tabbatar da nasa kafin alƙalami ya bushe. Ya kuma nuna yadda mai ƙara yake yawo da shari'a ɗaya daga mai gari zuwa sarki, zuwa jami'in mulki, zuwa alƙali, sannan ya sake tayar da ita idan shugabanni sun sauya. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, shari'ar da ba a rubuta hukuncinta an adana ba, ba ta ƙarewa. Doka ta bai wa sarakuna ikon sulhu, ta kuma nemi a rubuta takardar sulhun. To, ina takardun sulhun da aka yi shekara 15 da suka wuce? Idan suna cikin jakar wani magatakarda da ya rasu, ko a ɗakin da ruwa ya zuba, ko gara ta cinye su, to sulhun ya mutu tare da su.

Takardar Kofo ƙarfinta yana ga kwafinta. Ana so ɗaya ta kasance hannun mai gona, ɗaya a ƙauye, sauran su hau zuwa ƙaramar hukuma da gunduma, ta yadda ko wuta ta ci ɗaki, ko wani ya yi ƙoƙarin sauya rubutu, za a samu inda za a gwada. Idan wannan sarƙa ta tsinke, takarda sai ta koma makamin mai ƙarfi. Wanda ya iya karatu, yake da kuɗin mota da sanayya a ofis, shi zai riga kowa samun hatimi. Waɗanda suka fi cutuwa su ne mata. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 a kudancin Nijar ya nuna yadda ƙarancin ƙasa yake fitar da mata daga noma, har gamana, ɗan filin noman da aka saba ba su, tana kuɓucewa. Matar da Musulunci ya ba ta rabonta na gado, idan ba a rubuta sunanta a kan kason ba, ƴan'uwanta maza za su riƙe mata shi da sunan amana har ya narke cikin nasu.

Ga wanda zai ce rubuta mu'amala baƙon abu ne, amsa tana cikin addininmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, ayar da ke bi mata kuma ta yi maganar jingina. Malaman zaure na yankin sun daɗe suna rubuta wasiƙu da rabon gado da ajami. Hukuma ba ta yi amfani da wannan jari yadda ya kamata ba.

Haka batun burtali da mashaya da makiyaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta kare su a matsayin dukiyar kowa, kuma kowace shekara hukuma tana sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Waɗannan bayanai ne da rai ya rataya a kansu. Abin da ya faru a Toda ta jihar Maradi a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara na makiyaya, ya isa gargaɗi. Taswirar burtali da ke naɗe a ofis ba ta hana kowa cin iyaka. Sai an liƙa ta inda manomi da Bafillace za su gani, an kuma shelanta ranar sakin gonaki a kasuwa da masallaci da rediyo.

Yankin nan kansa ya ba da shaidar abin da tabbaci yake haifarwa. Binciken Larwanou da Abdoulaye da Reij na 2006 ya kiyasta cewa manoman Magarya, Matamai da Mirya sun rayar da itatuwa, musamman gawo, a kan hekta kusan miliyan 1. Cikin dalilan da aka bayar har da sauyin fahimta: manomi ya fara ganin itacen da ke gonarsa nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba. Mutanen da suka yi wannan aiki ba za a ce ba su san amfanin kansu ba. Inda suka tabbata haƙƙinsu ba zai salwanta ba, suna zuba ƙarfinsu.

Kuɗin lanho

A taƙaice zan taɓa wannan. Mai gari yana tara lanho bisa jerin sunayen iyalai, ana karɓar haraji a kasuwa da tashar mota da turken dabbobi. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta sa zaman majalisa ya zama a buɗe ga jama'a. Yanzu da babu zaɓaɓɓun kansiloli da za a tare a tambaya, nauyin bayani ya ƙaru a kan kantoma. Mai biyan haraji yana so ya san nawa aka tara a ƙauyensu da abin da aka yi da shi. Idan ba a gaya masa ba, zai cika giɓin da zato, zato kuwa ba ya zuwa da alheri ko da shugaban mai gaskiya ne.

Harshe da mataki na gaba

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ga Sassumbrum, ma'aunin wannan mataki shi ne ko manomi zai iya karanta takardar jinginar da ya dangwala wa yatsa. Fassara takardun Kofo da na haihuwa zuwa Hausa, da boko da ajami, aiki ne da bai fi ƙarfin gwamnati ba, tare da kula da Fulfulde da sauran harsunan masu zama yankin.

Ana yawan cewa kwamfuta za ta warware komai. Tana da amfani, musamman wajen ajiye kwafi a wuri na biyu. Amma rajistar da ba a jera ba, ba a lissafa ba, ko an ɗauki hotonta ruɗani ne aka mayar cikin na'ura, ga matsalar wuta da gyara da tafiyar ma'aikacin da ya san kalmar sirri. Aikin farko na hannu ne: kabad na ƙarfe, ɗaki marar yoyo, jerin abin da ke ciki, da ma'aikaci guda da aka horar aka kuma ɗora wa alhakin. Kowace miƙa ragama ta zo da takardar ƙirga rajistoci, mai fita da mai shiga su sa hannu a gaban sarki da wakilan jama'a. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da ɗaliban da za su iya taimakawa a wannan ƙirga, su kuma samu abin nazari.

Ina kira ga kantomomin gundumomin Magarya da Dungas, da sarakuna, da sakatarorin Kofo, su ƙirga rajistocin haihuwa da na gonaki da takardun sulhu da ke hannunsu kafin damina mai zuwa, su liƙa sakamakon da Hausa a ƙofar ma'aikata, su kuma sa a karanta shi a rediyo da ranar kasuwa.